Ɗingishin da ba na targaɗe ba

A Limawa, kamar sauran unguwannin Dutse, idan yaro ya wayi gari ya ƙi taka ƙafa, tun zamanin kakanni maɗori ake fara tunawa. Maɗori ya san karaya da targaɗe, amma akwai ciwon da hannunsa ba ya kaiwa: mugunyar da ƙwayoyin cuta ke tarawa cikin gaɓar kwatangwalo. Gaɓar tana can ƙarƙashin tsoka, kumburinta ba ya fitowa fili, kuma cikin 'yan kwanaki mugunyar kan cinye guringuntsi. Yaron da ya tsira yakan tashi da gajeriyar ƙafa, a ce ƙaddara ce ko iska.

Su ma likitocin Turai sun daɗe ba su da abin yi. A 1874 likita Thomas Smith na Landan ya bayyana yadda ciwon ke lalata gaɓoɓin jarirai. A 1943 Gathorne Girdlestone na Ingila ya wallafa tiyatar da ake yanke kan ƙashin cinya domin mugunya ta samu mafita: a ceci rai, a bar mutum da ɗingishi. Sai da penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, ya wadata bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan aka fara ceton rai da ƙafa tare.

A ƙasar Kano, an buɗe asibitin ƙashi na Dala a 1959, amma ga mutumin Dutse tafiya ce mai nisa. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 asibitoci suka matso kusa, har aka samu na Rasheed Shekoni a cikin gari.

Alamomi huɗu da likita Mininder Kocher da abokan aikinsa suka tsara a Boston a 1999 su ne zazzaɓi, kasa taka ƙafa, da sakamakon gwajin jini iri biyu. Sikanin na nuna ruwan da ya taru, allura ta zuƙo shi a tantance, sannan a buɗe gaɓar a wanke, a bi da maganin ƙwayoyin cuta na makonni. Masu amosanin jini sun fi shiga haɗari, domin akan ɗauka ciwon da suka saba ne ya motsa.

Biyun farko uwa ce ke fara ganinsu. Yaron da ke zazzaɓi kuma ya ƙi taka ƙafa, asibiti ya kamata ya kwana.