Orange: Tarihin Manhajar Haƙar Bayanai da Kayan Ƙarinta

Orange manhaja ce ta kyauta da ake haƙar bayanai da ita, wato a zuba mata tarin alƙaluma ko rubutu ko hotuna, ta taimaka a gano tsarin da ke ɓoye a cikinsu. Gidanta shi ne ɗakin binciken kwamfuta da ilimin halittu na Tsangayar Kimiyyar Kwamfuta da Bayanai ta Jami'ar Lubliyana, babban birnin ƙasar Sulobeniya. Tana fita ne ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar leƙa cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Abin da ya fito da sunanta shi ne mai aiki da ita ba sai ya rubuta umarni ko da layi ɗaya ba. Farin allo ne a gabansa, a gefe kuma ga jerin tubalan aiki, kowanne da abin da ya iya. Sai ya jawo tubali ya ajiye a kan allon, ya ja zare daga wannan zuwa wancan, bayanai su bi zaren su wuce.

Misalin da kusan kowane ɗalibi ke farawa da shi shi ne teburin furen iris, wanda masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya yi aiki da shi a 1936: fure 150, iri 3, kowane fure da awo 4. Ɗalibi zai ajiye tubalin File ya buɗe teburin, ya haɗa shi da Scatter Plot, sai furannin su bayyana ɗigo-ɗigo, kowane iri da launinsa. Idan ya zagaye wasu ɗigogi da linzamin kwamfuta, ya kuma haɗa Data Table a gaba, nan take layukan waɗannan furanni kaɗai za su fito. Ya sauya zaɓi, tebur ya sauya. Wannan amsa ta nan take ce ta sa malamai suka rungumi manhajar a azuzuwa.

Asali

Aikin ya faro ne a 1996, lokacin da Jami'ar Lubliyana da Cibiyar Jožef Stefan suka soma haɗa wani rumbun dabarun koyon na'ura da harshen C++, suka sa masa suna ML*. Mutum biyu ne tarihin ya fi ambata, Janez Demšar da Blaž Zupan. Harshen C++ yana da gudu, amma gwada sabuwar dabara da shi akwai cin rai, don haka a 1997 aka yi wa rumbun ƙofa ta harshen Python. Haɗin biyun ne aka kira Orange. A waɗannan shekaru na farko babu allo, babu tubala. Sai wanda ya iya rubuta shirin kwamfuta ne zai amfana.

An gwada fuskar gani ta farko a 2002, sannan a 2003 aka sake ta gaba ɗaya a kan Qt ta hanyar PyQt. A nan ne aka kafa tsarin tubali da zare. Zuwa 2009 tubalan sun haura 100.

Ba Orange ce ta ƙirƙiro wannan salo ba. Clementine, wadda kamfanin Integral Solutions na Birtaniya ya fitar a 1994, ta riga ta nuna cewa ana iya zana aikin haƙar bayanai kamar taswira. Kamfanin SPSS ya saye ta a 1998, IBM kuma ya saye SPSS a 2009. A jami'o'i ma akwai abokan tafiya: Weka ta Jami'ar Waikato a Niyuzilan, wadda aka soma a 1993, da YALE ta Dortmund a Jamus, wadda ta fito a 2001 ta koma RapidMiner a 2007, da KNIME ta Jami'ar Konstanz, wadda ta fito a 2006. Dukansu sun ci karo da matsala iri ɗaya. Masanin ƙwayoyin halitta yana son abin da ɗan kasuwa ba ya so, mai nazarin rubutu yana son abin da babu ruwan su biyun da shi, in kuwa aka ce sai an cusa komai a manhaja ɗaya, za ta yi nauyin da ba mai iya ɗauka, masu kula da ita ma su gaza. Kowace ta nemi mafita ta hanyar kayan ƙari. KNIME ta gaji tsarin daga Eclipse da aka gina ta a kai, Weka ta samu manajan ƙunshi daga fitowa ta 3.7.2, RapidMiner ta buɗe kasuwar kayan ƙarinta.

Yadda kayan ƙari suka shigo

A Orange, ilimin halittu ne ya buɗe wannan hanya. Zupan yana da daɗaɗɗiyar alaƙa da Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Hustan a Amurka, inda ake nazarin ƙwayoyin gado na wata halitta ta cikin ƙasa mai suna Dictyostelium. Irin wannan aiki yana buƙatar tubalan da suka san sunayen ƙwayoyin gado, suka kuma iya tambayar rumbunan bayanai na intanet. A 2005 aka samar da ƙarin tubala don wannan fanni. A zamanin Orange 2.7, kayan ilimin halittu da na nazarin rubutu da na nazarin alaƙoƙi kowanne ƙunshi ne mai zaman kansa, wanda yake so ya girka, wanda ba ya so ya bar shi.

Babban sauyi ya zo a 2015 da fitowar Orange 3.0. Masu ginin sun yi abin da ba kowa ke da zuciyar yi ba: sun ajiye tsohon cikin nan na C++ da suka shafe kusan shekara 20 suna ginawa. Bayanai suka koma zama a jerin NumPy, yawancin dabarun koyon na'ura kuma aka ɗauko su daga scikit-learn, komai a kan Python 3. Dalilin a fili yake. Lokacin da aka soma ML*, babu NumPy, babu scikit-learn, sai kowa ya sassaƙa kayansa. Zuwa 2015 mutane da yawa a duniya suna gyara waɗannan rumbuna, ƙaramin ɗakin bincike ba zai iya tsere da su ba. Da haka mutanen Lubliyana suka maida hankali kan abin da suka fi kowa iyawa, wato allon da zane-zanen da ke amsa taɓi.

Amma sauyin ya zo da asara. Kayan ƙarin da aka rubuta don tsohuwar Orange ba su aiki a sabuwa, sai an sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Na ilimin halittu, duk da shi ne babba a gidan, ya ɗauki lokaci kafin ya iso, har wasu masu bincike suka ci gaba da riƙe 2.7 a gefe. Wannan rabuwa ce ta bar alama a sunayen ƙunshe-ƙunshen har yau, inda ake ganin Orange3-Text da Orange3-Network da Orange3-Geo. An daina kula da Python 2, wanda tsohuwar Orange ta dogara da shi, a ranar 1 ga Janairun 2020, abin da ya rufe ƙofar komawa baya.

Bayan fitowar Orange 3.0 sai kayan ƙari suka yi ta fitowa. Sabon na rubutu ya zo a 2015. A 2016 aka soma na hotuna, 2017 ta kawo na taswira da na nazarin haske, a 2018 aka fara na ƙwayar halitta guda-guda, a 2020 kuma aka fitar da Explain, wanda ke nuna dalilin da ya sa na'ura ta yanke hukuncin da ta yanke. Akwai kuma Timeseries na bayanan da ke bin lokaci, da Associate mai gano abubuwan da suka saba zuwa tare, kamar kayan da mutane kan saya a lokaci guda, da Educational wanda aka yi don aji.

Girkawa

A idon mai amfani, aikin ba shi da wuya. Zai shiga Options ya zaɓi Add-ons, sai taga ta buɗe da jerin kayan ƙari, kowanne da ɗan bayani da lambar fitowarsa. Ya yi alama a kan wanda yake so, ya danna OK, ya jira, sannan ya rufe manhajar ya sake buɗewa. Sabon rukunin tubala zai bayyana a gefen allo. A tagar nan ɗin ne ake sabuntawa ko cirewa. Akwai kuma maɓallin Add more, inda ake rubuta sunan ƙunshin da ba ya cikin jerin da aka tantance.

A ƙarƙashi kuwa, kayan ƙari ƙunshin Python ne kawai, irin wanda ake ajiyewa a rumbun PyPI, kuma pip ko conda ne ke saukar da shi. Kowane ƙunshi yana ɗauke da sanarwar cewa yana da tubalan Orange a wuri kaza. Idan manhajar ta tashi, sai ta bi waɗannan sanarwoyi ta tattaro abin da ta samu, shi ya sa ake buƙatar sake buɗewa. Wannan zaɓi na da hikima, domin Orange ba ta ƙirƙiro wa kanta wata sabuwar kasuwa ba. Duk wanda ya iya Python zai iya rubuta tubali, ya faɗi irin bayanan da yake karɓa da irin waɗanda yake fitarwa, ya ɗora a PyPI, ba tare da neman izinin kowa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne dukkan kayan ƙari ɗaki ɗaya suke kwana. Kowanne yana jawo wasu rumbuna da ya dogara da su, kuma ba a ajiye fitowa biyu ta rumbu ɗaya a muhalli ɗaya. Idan wannan yana son sabuwar fitowa, wancan kuma bai san ta ba, girka na biyu na iya karya na farko, mai aiki ya buɗe manhaja ya tarar rukunin tubala guda ya ɓace. Fitowar NumPy 2.0 a watan Yunin 2024 ta jawo irin wannan ciwon kai a duniyar Python baki ɗaya, domin ƙunshe-ƙunshen da aka harhaɗa a kan tsohuwar fitowa sai da aka sake harhaɗa su. Saboda haka ne masu gogewa kan ware wa Orange muhallinta na conda, in ya lalace su share su sake. A kwamfutocin ofis ko na makaranta, inda aka girka manhajar don kowa da kowa, sau da yawa sai da izinin mai kula da na'urorin. Sannan kayan ƙari shiri ne cikakke, yana iya taɓa duk abin da mai kwamfutar zai iya taɓawa, don haka rubuta sunan ƙunshin da ba a san asalinsa ba a Add more ganganci ne.

Biyu daga ciki

Kayan hotuna, Image Analytics, sun fi kowanne nuna abin da ƙari zai iya yi. Tubalin Import Images yana kwaso hotuna daga jaka. Image Embedding kuma yana miƙa kowane hoto ga wata na'ura mai zurfin koyo da aka riga aka horar da ita a kan ɗimbin hotuna, ita kuma ta maido da jerin lambobi da ke siffanta shi. Inception v3 kan ba da lamba 2048 ga kowane hoto. Da zarar hoto ya koma layin lambobi, ya zama tebur kamar na furen iris, duk tsofaffin tubala za su iya aiki a kansa. A haɗa Distances da Hierarchical Clustering, a danna reshe ɗaya, sai Image Viewer ya nuna hotunan da suka yi kama da juna a wuri guda. Masu ginin Orange sun bayyana wannan hanya a mujallar Nature Communications a 2019. Sai dai yawancin na'urorin suna zaune ne a uwar garke, ma'ana hotunan sukan bar kwamfutar mai su, kuma dole akwai intanet. Ga wanda ke riƙe da hotunan marasa lafiya, ko wanda data ke yi wa tsada, akwai SqueezeNet, ƙarama ce, tana aiki a kwamfutar kanta, tana ba da lamba 1000.

Na biyu shi ne Spectroscopy, na masu auna yadda abu ke shan haske, musamman hasken infared. An gina shi tare da masana daga manyan cibiyoyin hasken sinkurotoron, irin su Soleil a Faransa da Elettra a Italiya. Abin ya bunƙasa har aka haɗa shi da Orange a ƙunshi ɗaya mai suna Quasar, wanda masanin sinadarai zai sauke ya tarar komai a shirye. An yi irin haka da scOrange don masu nazarin ƙwayar halitta guda-guda. A nan ƙari ya kusa fin uwar girma a idon masu amfani da shi. A 2019 aka ware allon kansa ya zama aiki dabam mai suna orange-canvas-core, ta yadda wasu za su iya ɗora tasu manhajar a kai.

Bayan waɗannan biyun, kayan rubutu kuma suna da tubala irin su Corpus da Preprocess Text da Word Cloud, kuma ingancinsu ya danganta da harshe. Jerin ƙananan kalmomin da ake zubarwa kafin ƙirga an tanade shi ne ga wasu harsuna. Mai aiki da wani harshe zai rubuta nasa jerin a fayil ya loda.

Aikin da aka zana a allo ana adana shi a fayil mai ƙarshen .ows. Fayil ɗin yana riƙe da sunayen tubala da saitinsu da zaren da ya haɗa su, amma ba ya ɗauke da tubalan kansu. Idan aka aika wa abokin aiki da bai girka ƙarin da aka yi amfani da shi ba, zai ga gurbin tubalin babu aiki. Sababbin fitowa kan gane ƙunshin da ya ɓace su ba da damar girka shi, amma wanda za a sauke shi ne na yanzu, wataƙila ba wanda aka yi binciken da shi shekarun baya ba. Shi ya sa masu wallafa sakamako kan rubuta lambar fitowar Orange da ta kowane ƙari a gefen fayil ɗin.