Wa Ya Riga Wa? Tarihin Katse Hanzari a Wasan Dungeons & Dragons

Duk wanda ya taɓa rubuta faɗa a labari ya san matsalar: mutum biyu sun zaro takobi lokaci guda, amma dole alƙalami ya fara da ɗaya. Masu tsara Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, sun shafe shekara 40 suna kokawa da wannan.

A wasan, ana zagaye tebur, kowa da jarumin da yake wakilta, mutum ɗaya yana ba da labari yana alƙalanci. In faɗa ya kaure bi da bi ake yi, a jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko sara ya samu. To, yaya ke nan in kana son katse wa abokin gaba hanzari alhali layi bai zo kanka ba?

A dokokin 1978 da 1979, tsafi yana ɗaukar lokaci, matsafin da aka sara kafin ya gama, tsafinsa ya lalace. Bugu na 3 a 2000 ya ba ka damar yin kwanto: ka faɗi abin da kake jira, da ya taso, naka ne zai fara aukuwa.

Bugu na 4 a 2008 ne ya raba abin gida biyu, kuma a ganina nan aka fi yin tunani. Akwai martani, wanda ke zuwa bayan abu ya gama faruwa. Akwai kuma katsewa, wadda ke shiga kafin ya kammala, har ta iya soke shi. Alƙali ya riga ya ce kibiya ta same ka, sai ka ɗaga garkuwar tsafi, kariyarka ta ƙaru da 4, a sake lissafi, a ce ashe ta kuskure. Labari ya janye maganarsa ke nan a gaban kowa, ba wanda ya ce an yi maguɗi.

Bugu na 5 a 2014 ya rage ƙa'idojin: martani ɗaya tal a kowane zagaye, mai kwanto kuma sai abin da yake jira ya gama faruwa sannan ya motsa, akasin dokar 2000. Garkuwar dai an bar ta tana goge saran da ya riga ya samu, yanzu da ƙarin 5.