Daga Sarkin Pawa Zuwa Tambarin Leda: Tarihin Tambayar "Wa Ya Yanka?"



Kusan duk wata sai an turo mana wani saƙo a waya cewa biskit kaza akwai kitsen alade a ciki, ko alawa kaza haramun ce, ko kuma kada a sake a ba yara taliyar leda kaza. Wasu su watsar da abin da suka saya, wasu su yi dariya su ci gaba da ci, mai shago kuwa ya kwana da kaya a kanta. Wannan tambaya ta daɗe tana damun Musulmi a wurare da dama, kuma tarihinta zai taimaka mana wajen gane saƙon da ya cancanci a saurara da wanda ya kamata a share.

A zamanin kakanninmu, abin da mutum zai ci bai cika yin nisa da idonsa ba. Daddawa daga kalwar ɗorawa take, kuma an san gidan da ake yin ta. Ƙuli-ƙuli da daƙuwa da alkaki da nakiya duk a unguwa ake yin su. Abin da ke da hatsari shi ne nama, shi ya sa aka yi masa sarauta. Sarkin Pawa ne ke da alhakin abin da ya shiga mahauta, akwai kuma malamin da ke yanka, wanda kowa ya san shi. A jiharmu ta Neja har gari guda ake kira Sarkin Pawa, a ƙaramar hukumar Munya. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure kuwa ya wuce ta babin yanka da farauta da abin da ya halatta a ci, don haka ilimin yana hannun jama'a.

Wannan ba ya nufin mutanen da ba su san algushu ba. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya rubuta cewa kasuwar na da shugaba mai kula da tsari da farashi, amma duk da haka ya ga mahautan da ke hura nama don ya kumbura, wasu har su manna ɗan gashin tunkiya a cinyar akuya don a saya a matsayin naman rago. Bambancin shi ne a wancan lokacin mai cuta yana da fuska da suna, ana iya kai ƙararsa gobe da safe.

A nan yankinmu tambayar ta ƙara nauyi saboda zaman cuɗanya. Tun da Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, bayan sarakunan Zazzau na Haɓe sun baro Zariya, Hausawa ke zaune da Gbagyi da Koro da sauran ƙabilu, ana cin kasuwa ɗaya. Al'adar da ta zaunu a garuruwa da yawa ita ce a bar wa Musulmi yanka domin kowa ya iya ci, kuma maƙwabci Kirista kan kira Musulmi ya yanka masa kaza ko akuya lokacin biki don ya samu damar aika wa maƙwabta. Wannan ladabi ne da ya riƙe zumunci shekara da shekaru.

Sai abinci ya fara zuwa daga nesa. Kamfanin UAC ya fito da Gala a 1962. Maggi ya shigo Najeriya a 1966, a hankali ya raba tukunya da daddawa. Mr Bigg's ya buɗe a Legas a 1986, Indomie ta fara shigowa a ƙarshen shekarun 1980 kafin a kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun, sannan KFC ya iso a 2009. A ɓangarenmu kuma, dokar 1976 ta kafa sabon babban birnin tarayya, tsohuwar Abuja ta bar sunanta ta koma Suleja, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991. Daga nan hanya ta cika. Mahaɗar Diko, inda masu zuwa Minna da Kaduna da Abuja ke giftawa, ta zama wurin da matafiyi ke miƙo hannu ta taga ya karɓi abin da bai san wanda ya yi ba, bai kuma san garin da aka yi shi ba. Amanar da a da ake ba Sarkin Pawa, yanzu leda ake ba.

Tsoron kitsen alade a cikin abin da baƙo ya kawo ya taɓa girgiza daula guda. A 1857 Turawan Ingila suka raba wa sojojinsu na Indiya sabuwar bindiga, wadda sai soja ya ciji takardar harsashi da haƙori kafin ya ɗura. Labari ya bazu cewa an shafa wa takardar kitsen alade da na saniya, abin da ya taɓa Musulmi da mabiya Hindu gaba ɗaya. A ranar 10 ga Mayu na shekarar sojoji suka yi bore a garin Meerut, wutar ta bazu, kuma a 1858 gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin Indiya daga hannun kamfanin da ke riƙe da ita. Akwai wasu dalilai da suka daɗe suna taruwa, amma maganar kitse ce ta kunna ashana.

Tambarin halal da muke gani yau shi ma daga irin wannan rikici ya samu ƙarfi. A 1988 wani malamin jami'a a garin Malang na Indonesiya ya fitar da jerin kayan abinci da ke ɗauke da sinadaran da ake shakkar asalinsu. Jerin ya shiga hannun jama'a, aka yi ta ƙara masa sunaye, cinikin madara da taliya da biskit ya faɗi warwas. Don kashe wutar ne majalisar malaman ƙasar, wato MUI, ta kafa sashen binciken abinci da magunguna a Janairun 1989, inda malaman fiƙihu ke aiki tare da masana kimiyya.

Wannan sashe ne ya tono maganar Ajinomoto, wanda muke kira farin magi, a farkon 2001. Shi wannan sinadari daga rake ko rogo ake samar da shi, ta hanyar wasu ƙananan halittu masu tsimar da sukari. An gano cewa masana'antar kamfanin da ke Indonesiya ta sauya abincin da ake renon waɗannan halittu da shi zuwa wani da aka sarrafa da sinadari daga cikin alade. Ko da yake babu alade a cikin garin da ake sayarwa, MUI ta ce haramun ne. Shugaban ƙasar na lokacin, Abdurrahman Wahid, wanda shi ma babban malami ne, ya ce halal ne. Kamfanin ya janye dubban tan daga kasuwa, ya nemi afuwa, ya sauya hanyar aiki. Wannan ya faru ne a masana'antar can, kuma masu bincike ne suka gano shi da hujja, sannan aka gyara.

Akwai kuma inda zargi ya tashi a banza. A Mayun 2014 aka sanar a Malesiya cewa an ga ƙwayar halittar alade a cikin nau'i biyu na cakulan Cadbury. Aka yi ta kiran a ƙaurace wa kamfanin. Bayan 'yan kwanaki hukumar addini ta ƙasar, JAKIM, ta sake gwaji da samfurin da aka ɗauko daga masana'anta, ba a ga komai ba. A Turai kuwa, a 2013, abin ya tabbata: an sami naman doki a cikin abincin da aka rubuta naman shanu ne, har ma aka ga burbushin alade a wani abinci mai tambarin halal da ake kai wa fursunoni Musulmi a Ingila. Wato tambari ma ana iya cin amanarsa.

A gida Najeriya, wanda manyanmu za su tuna shi ne na 2004. Wayar hannu ta shigo a 2001, kuma saƙon tes ne ya yaɗa cewa Indomie na kashe mutane. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, a lokacin tana ƙarƙashin Dora Akunyili, ta rufe masana'antar ta yi gwaje-gwaje, daga baya aka sake buɗewa. A 2023 maganar ta sake tasowa bayan Taiwan da Malesiya sun ce sun ga wani sinadari mai illa a wani nau'in da ake yi a Indonesiya, NAFDAC ta bincika ta ce wadda ake yi a Najeriya ba ta da matsala. Duka biyun maganar lafiya ce, amma kafin saƙon ya iso garuruwanmu sai ka ji an ɗora masa alade.

Jerin lambobin nan masu farawa da harafin E, wanda ake cewa duk na alade ne, shi ma tsohon yayi ne. Turai ce ta ƙirƙiro lambobin don tantance sinadaran da ake ƙara wa abinci. Tun a 1976 wata takardar bogi ta yawata a Faransa da sunan wani asibiti, tana cewa E330 na kawo ciwon daji, alhali shi ne tsamin da ke cikin lemon tsami. A jerin da ake turo mana akwai E100, wanda launin kurkum ne, da E140, wanda koren ganye ne. Waɗanda ke buƙatar tambaya da gaske kaɗan ne. Akwai jelatin, wato irin danƙon da romon ƙafar sa ke yi idan ya huce, wanda ake samu daga fata da ƙashin alade ko shanu ko kifi, ana kuma sa shi a alawa mai taushi. Akwai E471, wanda ake yi daga mai, na tsiro ko na dabba. Akwai E120, jan launi da ake samu daga wani ƙwaro.

A kan jelatin malamai sun yi saɓani. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1986, ta hana amfani da jelatin na alade a abinci. Wani taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 kuma ya tafi a kan cewa abin ya rikiɗe ya zama wani abu daban, kamar yadda giya ke komawa khal da kanta ta tsarkaka. Wanda ya guje masa ya yi tsantseni, amma bai kamata ya kafirta wanda ya bi ɗaya fatawar ba. Ƙa'idar da malamanmu suka koyar ita ce asalin abinci halal ne sai hujja ta zo, nama ne kawai ake neman tabbacin yankansa. Ko a naman ma, Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa an tambayi Annabi (SAW) game da naman da sababbin Musulmi ke kawowa ba a san ko sun ambaci sunan Allah ba, ya umarci masu tambayar su ambata su ci. Suratul Ma'ida kuma ta halatta abincin Ahlul Kitabi, da sharuɗɗan da ke cikin littattafan fiƙihu.

Idan muka auna da wannan ma'auni, za mu ga hatsarin ya fi kusa da mu fiye da biskit. Kajin ƙanƙara da ake satar shigowa da su ta kan iyaka, duk da haramcin da gwamnati ta sa tun 2003, babu wanda zai gaya maka wa ya yanka su. Dabbar da ta mutu a cikin mota kafin ta iso kasuwa mushe ce, ko da an sa mata wuƙa daga baya. Naman jaki, wanda haramun ne a mazhabarmu, ya yawaita tun da fatarsa ta yi daraja a China, har sai da Tarayyar Afirka ta hana yanka jakuna don fata a Fabrairun 2024. Kuma ba mu manta da Yulin 2023 ba, lokacin da gwamnatin tarayya ta tabbatar da cutar anthrax a wata gona a Gajiri, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, nan kusa da mu. Alƙur'ani ya haɗa halal da mai kyau a wuri guda, don haka dabba mai cuta ba abin sayarwa ba ce ko da limami ne ya yanka.

Abin da ya rage mana shi ne mu koma ga hikimar kakanninmu, mu san wanda muke ba amana. A kayan leda a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da jerin abin da aka haɗa, musamman alawa da cakulan da aka shigo da su daga waje. A gidan cin abinci a tambayi inda suke sayen nama cikin ladabi, domin matambayi ba ya ɓata. A mahauta kuma a ƙarfafa wa shugabannin mahauta da malaman dabbobi gwiwa su riƙa duba abin da ake yankawa.

Saƙon da bai zo da sunan hukuma ko malamin da za a iya tuntuɓa ba kuwa, a bar shi ya mutu a wayarmu. Suratul Nahli ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu kiran abu halal ko haram da ƙarya. A bayan kowace kanta akwai mai iyali da ya zuba jarinsa, akwai yarinya mai talla, akwai maƙwabcin da za a daina cin abincinsa a kan zato. Duk waɗannan haƙƙi ne da za a tambaye mu.

Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mana zuriyarmu daga haram, ya ƙara mana zaman lafiya a Diko da Najeriya baki ɗaya. Amin.