RUWAN TIGA YA HAURA SHEKARA 50, HAR YAU BA MU DA RIGATA

Jama'a, duk lokacin da hotunan Rigata ta Yawuri suka fara yawo, sai ka ga mutanenmu na Kano ta Kudu suna ta yabawa, wasu kuma su ce to mu me ya hana a yi irinta a Tiga? Nan take sai a samu mai cewa wasan Turawa ne, ko kuma ana fama da tsadar masara wa ke ta tseren kwalekwale. Ni a ganina tambayar ta fi ƙarfin raha, kuma amsarta tana cikin tarihin yadda ruwan nan ya zo mana.

Mu Kanawa mutanen tudu ne. Abin hawanmu doki ne da jaki da raƙumi. Kogin Kano da ya ratso dajin Falgore da kogin Challawa ruwan damina ne, da rani sai rairayi da 'yan gurabe, yaro ma ya tsallake da ƙafa. Akwai masu fito, akwai masunta, amma sana'ar 'yan watanni ce, da gora ko ɗan kwami. Shi ya sa idan ka duba bukukuwanmu na sarauta, a kan doki aka gina su. Hawan sallah asalinsa ai duba rundunar yaƙi ne, kowane hakimi ya kawo dawakansa da mahayansa sarki ya gani da idonsa wa ya shirya wa ya yi sake. Wasa ne a ido, amma jarrabawa ce. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da Turawa suka zo, sun zo da wasanninsu iri-iri. Wanda ya tarar da ƙasa a shirye shi ne ya kama. Folo ya shiga Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko a shekarun 1920, har ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da ake ji da shi, saboda dawaki da mahaya suna nan tun fil azal. Tseren ƙananan jirage masu tafiya da iska kuwa a bakin teku ya tsaya. Kulob ɗin jiragen ruwa na Legas tun 1932 aka kafa shi, yana nan har gobe. Mu a nan ba ruwan da za a ɗora jirgin a kai. Abin dariya ma, jirgin Turawa da ya fara yawo a Tafkin Chadi a bayan raƙuma ya zo. Ayarin su Barth ne suka ratso hamada da shi gunduwa-gunduwa daga Tarabulus, abokin tafiyarsa Overweg ya harhaɗa shi ya shiga tafkin a 1851.

Sai da Turawan mulki suka tafi da shekara goma sha huɗu sannan muka samu babban ruwa. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako ya zama gwamna, ya sa madatsun ruwa a gaba. An fara aikin Tiga a 1971 aka gama a 1974, daidai lokacin da farin nan na farkon shekarun 1970 ya ƙone ƙasar nan da Nijar. Bangon dam ɗin ya kai kusan kilomita 6, ruwan ya mamaye fili kimanin murabba'in kilomita 178, an kuma tsara shi ya riƙe kusan mita kubik biliyan 2. Daga nan ake sakin ruwan da ke raya noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, daga nan kuma birnin Kano ke samun kaso mai yawa na abin sha. Duk tumatir da shinkafar da muke alfahari da su a wannan layi, bashin Tiga ne. Mutanen Hadeja da Nguru kuma suna da nasu ƙorafin kan ambaliyar da ta daina zuwa fadamunsu yadda ta saba, wannan magana ce ta wata rana.

Audu Bako bai tsaya kan noma ba, ya yi tunanin shaƙatawa. Otal ɗin Bagauda a bakin tafkin Bagauda, da Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan Tiga, da gidan zoo na birni, da ɗaga darajar dajin Falgore zuwa gandun namun daji, duk tunani ɗaya ne. Amma ku lura da wanda aka yi wa tanadin. Baƙo ne da babban ma'aikaci, mai zuwa ƙarshen mako da mota ya kalli ruwa ya koma. Mutumin da ruwan ya ci gonarsa, ko ya raba ƙauyensa da kasuwar da ya saba ci, wanda dole daga ranar ya koma shiga kwalekwale, babu wani tsari da aka kafa na mayar da shi mutumin ruwa. An ba mu tafki, ba a ba mu al'adarsa ba. Da dam ɗin Bagauda ya ɓalle a watan Agustan 1988, harkar ta fara ja da baya, daga baya otal ɗin ya koma makarantar horar da lauyoyi. Rock Castle kuwa duk ɗan Bebeji ya san shekarun da ya yi yana jiran gyara, kowace gwamnati ta zo sai ta yi alƙawari.

Yanzu mu leƙa inda al'adar take. A Argungu, bikin da muka sani yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, aka rufe babin tsohuwar gabar Kabawa da Sakkwato. Mutane sun fi sanin ranar su a Matan Fada, wa ya kamo giwan ruwa mafi nauyi. Amma kafin wannan rana akwai kabanci, wato tseren kwalekwale da iyo da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. A gaban Sarkin Ruwa ake yi, a gaban gari. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin kayan tarihin duniya a 2016, kuma bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, an dawo da shi a Maris na 2020.

Yawuri kuwa sunan ma ya ba da labari. Rigata kalmar Turawa ce da suke kiran tseren jirage, su ma a wurin mutanen birnin Venis na Italiya suka aro ta. Amma abin da ake yi ya girmi sunan. Yadda Yawurawa ke faɗa, jaruman Gungawa, mazauna tsibiran Kwara, su ne ke fita farautar dorina a cikin jirage, kuma wannan fitar ita ce atisayensu na yaƙin ruwa. Da Turawa suka hana kashe dorina, sai aka bar farautar aka riƙe gwanintar, ta koma tsere da nuna iya tuƙi a gaban manyan baƙi. Kun ga abin da na ce a riƙe ɗazu. Rigata hawan sallar mutanen ruwa ce. Ranar ce ake gane wane matuƙi ne gwani, wane jirgi ne lafiyayye, wane yaro ne ya isa a ba shi filafili. Wanda jirginsa ya kife a gaban sarki, shekara guda zai yi ana yi masa tsiya a bakin mashaya, don haka ba sai an tura masa jami'i ya ce ya gyara ba.

To shi wancan na kulob ɗin, na 'yan ƙananan jirage masu ƙyalle da iska ke turawa, me ke cikinsa? Na san da yawa kallon wasan 'ya'yan masu kuɗi muke yi masa, kuma da gaskiyarmu, don kulob-kulob na zamanin mulkin mallaka ba don mu aka buɗe su ba. Amma bari in gaya muku abin da ya burge ni. Jirgin da yara suka fi koyo da shi a duniya, wanda ake kira Optimist, wani maƙerin jirgi ne mai suna Clark Mills ya zana shi a 1947 a garin Clearwater na jihar Fulorida a Amurka. Abin da aka nema a wurinsa shi ne jirgin da uba zai iya haɗa wa ɗansa a gida da kuɗin da bai wuce dala 50 ba. Tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba, da irin katakon nan mai falle-falle da kafintocinmu ke yin kabad da shi. Yaro ɗaya ke shiga, har zuwa shekara 15. Da yawa daga cikin masu cin lambobi a gasar Olamfik a kansa suka fara.

Tseren kansa lissafi ne. Ana dasa alamomi masu yawo a kan ruwa, a ba da sigina, kowa ya zagaye su ya dawo. Jirgin ƙyalle ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya yi ta karkata dama da hagu yana cin gaba kaɗan-kaɗan, saboda haka yaron da ya fi iya karanta iska da fuskar ruwa shi ke cin wanda ya fi shi ƙarfi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ake koya wa yaro tun farko. Da gangan ake kifar da jirgin, yana sanye da rigar kariya, a koya masa kada ya firgita, kada ya rabu da jirgin, ya juyo da shi, ya kwashe ruwan, ya hau ya ci gaba. Ana yin tseren ne da jirgin ceto yana gefe. Kuma a littafin dokokin tseren na duniya, doka ta farko ba ta shafi wa ya zo na ɗaya ba, tana wajabta wa kowa ne ya taimaki wanda ke cikin haɗari, ko da zai rasa kofin.

Yanzu ku ɗora wannan a kan abin da ya faru ranar 30 ga Nuwamban 2021 a dam ɗin Watari. Jirgi ya taso daga Badau zai tsallaka Bagwai, maƙare da mutane, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi. Ya kife. Gawa 29 aka fara tsamowa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bagwai ba yankinmu ba ne, amma labarinsu namu ne sak: dam ne na gwamnati da aka yi a ƙasar tudu, ya raba ƙauye da gari, aka bar mutane da jirgi. Abin da ya biyo baya kun sani, ta'aziyya, kwamiti, dakatar da fito, alƙawarin sababbin jirage. Kada wani ya ce ai Kebbi mai Rigata ita ma ta yi asarar mutane fiye da ɗari a Wara a watan Mayun wannan shekarar. Haka ne, kuma ban ce biki yana hana lodi ya wuce ƙima ba. Kwaɗayin mai jirgi da rashin hanya da sakacin hukuma suna nan ko da Rigata ko babu. Abin da nake cewa shi ne su can suna da Sarkin Ruwa mai faɗa a ji, da masu nutso da aka sani da suna, da yaran da suka tashi suna iyo. Akwai tushen da za a ɗora gyara a kai. Mu a nan yaro zai girma yana kallon Tiga daga ƙofar gidansu, abin da kawai aka koya masa game da ruwan shi ne kada ya je, akwai aljanu.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati na san yadda takardar irin wannan shawara ke ƙarewa. Za ta zama kwangilar sayo jirage masu inji daga waje, a ƙaddamar, a ɗauki hoto, bayan damina biyu babu mai babu makaniki. Ba wannan nake nufi ba, ba kuma kulob mai kuɗin shiga da ɗan Tiga zai tsaya a bakin ƙofa yana leƙe ba. Masunta da masu fito suna nan a bakin ruwan, da shugabanninsu. Hakimai suna nan. Ruwan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, ita za a nemi izini a wurinta. Rana ɗaya a shekara, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa ta gefe guda kuma babu fargabar hadari, ƙauyukan Bebeji da Tudun Wada da Rano da ke bakin ruwan su fito da jiragensu. Sharaɗin shiga ya zama an duba jirginka, kowa na ciki da rigar kariya, kuma kowane ƙauye ya kawo yaran da ya koya wa iyo a shekarar su gwada a gaban jama'a. Kyautar ma ta zama rigunan kariya da koma da kuɗin gyaran jirgi, kada a kawo mana babur.

Masu cewa lahawu ne, ai malamanmu sun sha kawo maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Biyun ƙarshe mun riƙe su, har muna da sarautu a kansu. Na farkon ne muka bar wa Kabawa da Gungawa, lokacin muna da uzuri don ba mu da ruwa. Uzurin nan ya ƙare tun 1974.

Akwai matsaloli na gaskiya, ban ɓoye ba. Tsargiya tana nan a ruwan da ke kwance, dole ma'aikatan lafiya su shigo. Akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, sai masuntan da suka san wurin ne za su nuna inda za a bi. Ga batun tsaron dajin Falgore da ke sa baƙo ya yi tunani sau biyu kafin ya biyo hanyar Jos. Amma wannan tseren ba don baƙo za a fara shi ba. Katako kuwa da kafintan da zai haɗa ɗan jirgin gwaji guda biyar, ba sai an je Legas ba, ana samunsu a Kwanar Dangora.