Takalmin da Aka Tuɓe: Halwa a Zanen Bellini

A gidan adana zane-zane na Frick da ke birnin New York akwai wani allo da Giovanni Bellini, mutumin Benis, ya zana wajajen 1480. Waliyyin Kiristoci ne a jiki, Faransis na garin Asisi, yana tsaye a bakin kogo ƙafa ba takalmi, ya buɗe hannuwa, ya ɗaga kai sama.

Riwayarsu ta ce a 1224, a kan dutsen La Verna, mala'ika mai fukafukai shida ya bayyana gare shi, raunukan gicciye suka fito a jikinsa. Magabata irin su Giotto sun zana mala'ikan ƙuru-ƙuru. A allon Bellini babu shi, kuma nan masana suka rabu. Millard Meiss, a 1964, ya ce hasken da ke kwararowa daga hagu, har bishiya ta sunkuya masa, shi ne ya tsaya a madadin mala'ikan. John Fleming kuwa, a 1982, ya kai ido ƙasa, ga takalmin katako da aka bari a gindin teburin karatu, ya danganta shi da Annabi Musa. Wanda ya san labarin Annabi Musa a kwarin Ɗuwa ba ya buƙatar dogon sharhi: inda aka tuɓe takalmi, wuri ne mai tsarki.

Na karɓi fassarar Fleming, amma ina ganin ba ta ƙure zancen ba. Da Bellini gudun duniya yake son nunawa, da ya wofintar da filin. Sai ga shi ya cika shi maƙil: jaki tsaye, zalɓe, zomo yana leƙe daga rami, makiyayi da tumakinsa, can nesa ga gari da ganuwarsa. Haske guda ne ya lulluɓe su duka, bai fifita waliyyi a kan jaki ba. Abin da ya raba su shi ne mutum ɗaya ya waiwaya ya fuskance shi, har ya juya wa littafinsa da ƙoƙon kan da ke teburin baya. Wannan ne ya fi taɓa ni, domin littafin addu'a ma an ajiye shi da abin da ake nema ya iso.

Halwar nan ba ta yanke zumunci da mutane ba. A rumfar inabin da ke bakin kogon, Bellini ya rataye ƙaramar ƙararrawa da igiyarta. Mai niyyar ɓacewa daga jama'a ba ya ajiye abin kira.