Tashe da Dusashewar Gopher: Waiwaye a kan Manhajojin da Suka Ɗauke Shi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata tsohuwar ƙa'idar musayar bayanai ta intanet mai suna Gopher, wadda ta yi tashe kafin yanar gizo ta kankane fage. Za a nuna cewa rayuwar irin wannan ƙa'ida ta rataya ne a wuyan manhajojin da ke karanta ta, kamar yadda rayuwar harshe ta dogara ga masu magana da shi.

2.0 Asali da Tsari

An ƙirƙiro Gopher a shekarar 1991 a Jami'ar Minnesota ta ƙasar Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Mark McCahill. Sunan na wata ƙaramar dabba ce mai haƙa rami, wadda ita ce alamar jami'ar. Tsarinsa mai sauƙi ne. Mai karatu zai tarar da jerin kanu, ya zaɓi ɗaya, ya kai shi ga rubutu ko ga wani jerin. Kowane layi na farawa da alama guda: 0 na nufin rubutu, 1 jerin kanu, 7 kuwa wurin bincike. A 1992 Jami'ar Nevada da ke Reno ta samar da Veronica domin laluben kanun. A watan Maris na 1993 aka wallafa bayanin ƙa'idar a takardar RFC 1436.

Akwai wani batu a takardar da ya shafi manazarta harsunan Nijeriya. Ta ba da shawarar a tsaya ga jerin baƙaƙe na ISO Latin-1 wajen rubuta kanu. Wannan jeri ya wadatar da yawancin harsunan Yammacin Turai, amma babu ɓ da ɗ da ƙ na Hausa a cikinsa, balle ẹ da ọ da ṣ na Yarabanci ko ị da ụ na Ibo.

3.0 Juyin 1993

Abubuwa uku ne suka haɗu a wannan shekara. A watan Fabrairu jami'ar ta sanar da cewa za ta riƙa karɓar kuɗin lasisi daga masu amfani da manhajarta don kasuwanci, abin da ya sanyaya gwiwar masu ba da gudummawa. Ranar 30 ga Afrilu cibiyar CERN ta saki fasahar yanar gizo kyauta ga kowa. Sannan burauzar Mosaic ta fito, tana nuna hoto da rubutu a shafi ɗaya, tana kuma buɗe shafukan Gopher. A zahiri wannan tallafi ne, amma a baɗini shi ya mayar da Gopher ɗan rakiya, domin mutane sun daina buƙatar manhajojinsa na musamman. Sai a shekarar 2000 jami'ar ta saki manhajar a ƙarƙashin lasisin GPL, bayan bakin alƙalami ya bushe.

4.0 Janyewar Burauzoji

Da Gopher ya koma zaman haya a cikin burauzoji, makomarsa ta koma hannun masu su. A 2002 kamfanin Microsoft ya toshe shi a Internet Explorer saboda wata kafa da aka gano ta yin kutse, sannan aka cire shi baki ɗaya a fitowa ta 7 a 2006. Firefox ya bi sahu a fitowa ta 4 a 2011. Safari da Chrome kuwa ba su taɓa ɗaukarsa ba.

Duk da haka bai mutu ba. Burauzar Lynx, wadda ta samo asali a Jami'ar Kansas a 1992, tana buɗe shi har yau. Manhajar curl ta karɓe shi a 2010, kuma Cameron Kaiser ya samar da manhajojin Overbite domin cike giɓin da manyan burauzoji suka bari.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa shafukan Gopher sun yi nisa da jama'a ne ranar da burauzojin da ke hannunsu suka daina karanta su. Wannan abin lura ne ga masu taskance matanin harsunanmu a kwamfuta. Adana rubutu bai isa ba, sai an tabbatar da cewa tsarin da aka zuba shi yana ɗaukar baƙaƙensa, kuma akwai manhaja fiye da ɗaya da za ta iya buɗe shi nan gaba.