Na'urorin taimaka wa direba: Inda fasahar motocin zamani ke gazawa

Duk wanda ya koyi tuƙi shekara 20 da suka wuce, idan ya shiga sabuwar mota a Landan ko Jidda ko New York a yau, zai tarar da abubuwa sun sauya.

Motar na iya taka birki da kanta, ta karkata sitiyari idan direba ya kauce daga layinsa, ta yi ƙara idan ya zarce gudun da doka ta ƙayyade. Maɓallan rediyo da na na'urar sanyaya mota kuwa sun koma cikin wani allo mai kama da fuskar wayar salula.

A ƙasashen Tarayyar Turai, tun daga watan Yulin 2024 doka ta wajabta sanya wasu daga cikin waɗannan na'urori a duk sabuwar motar da za a sayar.

Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano cewa birki mai kama kansa na rage haɗurran karo ta baya da kusan rabi.

Sai dai bincike-binciken hukumomin kiyaye haɗurra sun nuna cewa na'urorin na da iyaka, kuma direban da bai san wannan iyaka ba yana iya shiga haɗarin da babu shi a tsohuwar mota.

Allon da ke ɗauke hankali

Direban da ya saba da motarsa kan lalubo maɓalli da hannu ba tare da ya ɗauke ido daga titi ba. Allon taɓawa ba ya ba da wannan dama, dole sai an kalle shi.

A shekarar 2022 mujallar motoci ta Vi Bilägare da ke Suwidin ta gwada motoci 12. An sa direba ya yi wasu ƙananan ayyuka, kamar sauya tashar rediyo da daidaita ɗumin mota, yana gudun kilomita 110 a sa'a.

A cikin Volvo V70 ƙirar 2005, wadda ba ta da allon taɓawa, ya kammala cikin daƙiƙa 10. A cikin MG Marvel R mai amfani da lantarki kuwa ya ɗauki kusan daƙiƙa 45, wato tafiyar fiye da kilomita ɗaya hankalinsa a rabe.

Hukumar Euro NCAP mai auna ingancin kariyar motoci a Turai ta sanar a 2024 cewa daga 2026 za ta riƙa la'akari da wannan batu wajen ba da taurarinta biyar. Tana son sigina da fitilun gargaɗi da oda da magogin gilashi da maɓallin kiran agaji su kasance abubuwan da hannu ke iya kamawa. Kamfanin Volkswagen ma ya amince cewa ya yi kuskure, ya fara mayar da maɓallai.

Sakankancewa da na'ura

Injiniyoyi sun kasa fasahar tuƙi zuwa matakai, daga sifili zuwa biyar. Akasarin motocin da ke kasuwa ba su wuce mataki na biyu ba, inda mota ke riƙe layi da tazara, amma alhakin tuƙin baki ɗaya na wuyan direba.

Matsalar ita ce ɗan'adam ba ya iya daɗewa yana sa ido kan aikin da ba shi ke yin sa ba. Idan na'ura ta yi tafiyar sa'a guda lafiya, hankali kan koma kan waya ko hira, kuma a lokacin da ta gaza daƙiƙoƙi kaɗan ne suka rage a karɓi sitiyari.

A watan Mayun 2016 wani direban Tesla Model S ya mutu a jihar Florida bayan motarsa, wadda ke kan tsarin Autopilot, ta kutsa ƙarƙashin wata tirela da ke tsallaka titi. Na'urar ba ta taka birki ba, shi ma bai taka ba.

A Disamban 2023 kamfanin ya yi wa motoci kusan miliyan biyu gyara a Amurka, bayan hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA ta ce matakan tabbatar da cewa direba na lura da hanya ba su wadatar ba.

Birkin da ba a nema ba

Na'urorin na dogara ne da kyamara da radar, kuma sukan ga abin da babu. Inuwar gada ko allon talla ko motar da ke wani layin na iya sa mota ta taka birki ba zato, abin da ke jefa na baya cikin haɗari.

A Fabrairun 2022 NHTSA ta buɗe bincike kan irin wannan ƙorafi a motocin Tesla sama da 400,000, da kuma motocin Honda Accord da CR-V kimanin miliyan 1.7.

Akwai kuma lokacin da ba sa ganin abin da ke gabansu. Gwajin da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2019 ya nuna cewa na'urorin gano masu tafiya a ƙasa ba su da wani tasiri da daddare, lokacin da aka fi kaɗe mutane.

Giya da makulli na lantarki

A da, matsayin sandar giya kaɗai ya isa ya shaida wa direba ko motarsa a tsaye take. Wasu motocin sun zo da sandar lantarki da ke komawa tsakiya duk inda aka tura ta.

Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.1 a Afrilun 2016 saboda direbobi na fita suna zaton sun kulle giya, motar kuma ta gangara. Wata biyu bayan haka ɗan wasan fim Anton Yelchin ya mutu a Los Angeles, lokacin da motarsa Jeep Grand Cherokee ta gangaro ta matse shi a ƙofar gidansa.

Makullin da ba a murzawa shi ma ya zo da nasa. A Birtaniya ɓarayi na amfani da wata na'ura da ke kamo siginar makullin daga cikin gida, su buɗe mota su tayar da ita ba tare da fasa komai ba.

Kasancewar mota na haɗe da intanet wata ƙofa ce. A 2015 masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun yi kutse a wata Jeep Cherokee daga nesa tana kan babban titi, lamarin da ya sa aka janye motoci miliyan 1.4.

Tsadar gyara

A tsohuwar mota, gilashin gaba gilashi ne kawai. A sabuwa, kyamara na manne a bayansa, radar na cikin bamba, madubin gefe na ɗauke da na'urar hango motar da ke ɓoye.

Idan aka sauya ɗaya daga cikinsu sai an sake saita na'urar da kwamfuta. Ɗan karkacewa kaɗan na iya sa mota ta yi kuskuren auna layi ko tazara. AAA ta ƙiyasta a 2023 cewa waɗannan na'urori na iya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gyara bayan haɗari.

Idan motar ta sauka a Afirka

Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa.

Ke nan motar da ake ƙerawa yau domin titunan Jamus, nan da 'yan shekaru za ta sauka a tashar Kwatano ko Legas ko Tema ko Duwala a matsayin tokumbo.

Na'urar riƙe layi na buƙatar fenti a kan kwalta, wanda tituna da dama ba su da shi. Ƙurar hunturu da laka na rufe idon kyamara. Cunkoson babura da Keke Napep da masu talla kuma na sa na'urar gargaɗi ta yi ta ƙara har direba ya daina sauraron ta.

Bakaniken da ya ƙware a inji ba lallai ne yana da kwamfutar saita kyamara ba. Wasu kan cire na'urar ko su kashe fitilar gargaɗinta, mai motar ya ci gaba da dogaro da kariyar da ba ta aiki.

Abin da direba zai kiyaye

Littafin da ke zuwa da mota kan zayyana yanayin da kowace na'ura ke gazawa, kamar ruwan sama mai ƙarfi da hazo da hasken rana kai-tsaye, don haka ya kamata a karanta shi.

Ana ba da shawarar daidaita rediyo da taswira da sanyi kafin a tashi, a riƙa goge wuraren da kyamara da radar suke, a kuma ajiye makulli nesa da ƙofar gida.

Mai sayen mota ta hannu kuwa, ya sa a jona ta da kwamfutar bincike kafin ya biya kuɗi, ya kuma tambayi ko an sake saita kyamara idan an taɓa sauya gilashin gaba ko bamba.